Ban Gan Shi Ba

Shekara ashirin da shida ina jan tirela,
gungumen itace daga dazukan Paillaco zuwa Valdivia,
inda ruwan sama ba ya sallama,
ya sauka tun asuba, ya kwana bai ɗauke ba.

Wata Laraba, a mahaɗar bayan gada,
na duba hagu, na duba dama.
Akwai ɗigon haske, guda ɗaya tal.
Na ɗauka fitilar wani gida ce can nesa,
ko mai shanu ne ya fito da tocila.
Na saki birki. Na shiga.

Sunansa Nibaldo Huenchumil, mai gyaran famfo.
Bai mutu ba.
Ƙafarsa ta hagu ce ta gajarce da yatsa uku.
Gaban alƙali na faɗi gaskiya,
gaskiyar da ba ta kai nauyin tsinke ba:
ban gan shi ba.
Magatakarda ko kai bai ɗaga ba,
alƙalaminsa ya haddace maganar tun kafin zuwana.

Ido maƙaryaci ne in ka ba shi ɗigo ɗaya.
Ba faɗi, ba tsawo,
bai san tafe ake ba ko tsaye,
sai ya cike sauran da abin da ransa ke so.

Bara 'yata Yasna ta sayi babur,
ja, na hannu, kujerarsa da faci.
Jinya take yi a Niebla, bakin teku,
garin da sunansa ma hazo ne a harshenmu.
Ban hana ta ba. Wa ya isa?

Na je titin Picarte na sayo fitilu,
ƙanana kamar kofin shayi, masu ruwan ɗorawa.
Ran Asabar na durƙusa a gareji, gwiwa na ƙara,
na ɗaura su ƙasa, dab da tayar gaba,
ɗaya nan, ɗaya can, tsakaninsu kamu biyu.
Jar waya ta nufi batir, baƙa ta kama ƙarfe.
Fiyus na farko ya ƙone, na zagi kaina,
na biyu ya riƙe.
Na naɗe kowace gaɓa da salatif har sau biyu
don na san halin ruwan garin nan.
Sannan na haska bango, na sunkuyar da kawunansu,
gama direban da ka kashe wa ido
ya fi duhun kansa haɗari.

Ta leƙo da burodi a hannu:
"Baba, ka mai da ni bishiyar Kirsimeti."
Na ce, "Hau. Je ƙarshen layi ki dawo."

Na shiga tirela, na rufe ƙofa,
na zauna inda na zauna waccan Larabar,
yayyafi na zuba a gilashi, ban share ba.

Sai ga su.
Ɗaya a sama, biyu a ƙasa,
uku, kamar duwatsun murhu,
waɗanda sai da su tukunya ke zama.
Tazararsu na buɗewa tana matsowa,
na ga faɗi, na ga gudu,
na ga mutum.
Hannuna na rawa a kan sitiyari
har ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Yaya?"
Na ce, "Ta hagun na son ƙarin ɗauri."

Abin da ban gaya mata ba,
kwali biyu na saya.
Na biyun yana ƙarƙashin kujerata wata huɗu ke nan.
Na san gidan, kore ne, da kare mai ɗingishi shi ma.
Sau uku ina wucewa ban taka birki ba.

Jiya yana bakin ƙofa yana wanke babur,
fitilarsa ɗaya, kamar da.
Na rage gudu. Ya ɗago.

Shi ya gan ni.